Sandar Maisanda da Ragon Ƙonni

Akwai tambayar da nake kwana da ita, nake tashi da ita, har yau ban sami mai ba ni amsa ba. Igiyar nan da mai gidana ya zauna a zaure ya tufka kafin mu tashi zuwa Birnin Ƙonni, saboda jaki ya tufka ta, ko kuwa ya riga ya san abin da zai ɗaura da ita? Wanda ya san gaskiyar maganar yana kwance a maƙabartar Kware. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Tun da na fita takaba mata ba su bar ni ba. Wannan ta shigo gaisuwa ta ce, "Kulu, wai yaya ƙasar Faransa take?" Waccan ta ce, "Wai da gaske matansu har fili suke zuwa kallon kokawa?" In na fara ba da labari, sai in kai wani wuri kuka ya ƙwace mini, su tashi da rabin magana. Rabin maganar nan kuwa ita ke yawo a kasuwa, har ana cewa Maisanda ya sayar da sandarsa da rago. Shi ya sa na kira Malam Isa, jikan yayata, ya zo da tawada da takarda. Ni ban san baƙi ba. Zan faɗa, shi ya rubuta, in na tsaya ya jira ni.

Raba kokawa ita ce sana'ar mai gidana. Ba na kama sunansa. Maisanda mutane ke ce masa, saboda sandar gora mai zoben tagulla da yake shiga fili da ita. A cikin birnin Sakkwato ba a kokawa, malamai ba su son ganga kusa da su. Sai bayan ganuwa ake yi, wajen Runjin Sambo da ƙauyukan fadama, in an gama girbi. Shi ne ke tsayawa tsakanin 'yan kokawa biyu. In gwiwa ko hannu ko baya ya taɓa ƙasa, sai ya buga sandar, ya ce an yi kaye. Abin da ya faɗa ya zauna.

Ba a wayi gari mutum ya zama mai rabo ba. Shi ɗan kokawa ne da fari, sai ya karye a kafaɗa tun yana saurayi. Tsohon da ke riƙe da sandar a lokacin ya ɗauke shi, yana bin sa da buzu da gorar ruwa. Shekara da shekaru yana tsugune a bakin fili ba ya cewa komai, sai in sun kama hanyar gida tsohon ya tambaye shi, "Mi ka gani?" Daga nan aka sakar masa kokawar yara, ladanta ɓarin goro. Sannan ta samari. Amma sanda ba ta shiga hannun mutum sai ya taɓa ba da kaye a kan nasa, a gaban jama'a. Shi a kan ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya ba da, kuma uwarsu ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Ladan kuwa ga yadda yake a wajenmu. Kafin a taɓa ganga, kowane ɓangare zai kawo damin gero ko na dawa ya ajiye a gabansa, kowa yana kallo. In damin wani ya fi girma, da hannunsa yake zare zangarniya ya mayar wa mai shi, har su zo daidai. Wannan shi ne ladansa, da shi muka ci, da shi muka aurar da 'ya'yanmu. Bayan kaye kuwa ko ruwa ba ya karɓa daga hannun wanda ya yi nasara. Mai rabon da ya karɓi wani abu bayan kaye, a take yake ajiye sanda, ba ya ƙara shiga fili. Hanya biyu ce kawai sanda ke barin hannun mai ita: ko wannan, ko mutuwa.

Yanzu zan faɗi abin da ya ɓoye. Na yi shawara da Garba kafin in faɗa. Garba shi ne mai bin sa da buzu da gora, magidanci ne da iyalinsa, ya kuma riga ya ba da kaye a kan ɗan yayarsa, sanda kawai yake jira. A shekarun ƙarshe yanar ido ta fara rufe wa mai gidana gani. Daga ni sai Garba muka sani. Mai gidana bai iya cewa ya daina don ba ya gani sosai, domin duk wanda ya ba kaye a kansa a 'yan shekarun nan zai dawo ya ce an zalunce shi. Sai ya ƙirƙiro wata dabara. Kafin a kama, Garba zai goge gwiwoyin 'yan kokawa da jiƙaƙƙen tsumma. In abu ya zo da shakka, sai mai gidana ya shafa gwiwar da yatsunsa, in ya ji rairayi an yi kaye. Mutane suka ɗauka tsananin adalci ne. Adalcin ne, amma da dalili. Gara a san idonsa ya gaza, da a ce hannunsa ya saba karɓa.

Bayan girbin bara sai ga manzo daga Ƙonni da goro. Wai gwaninsu, Tunau, zai kama da wani Ba'adare da ake ce wa Dogo. Ƙonnawa ba su yarda da mai rabon Adar ba, Adarawa ba su yarda da na Ƙonni ba, sai suka haɗu a kan a ɗauko Maisanda daga Sakkwato. Na ce wa mai gidana, "Malam, hili baƙo, mutane baƙi, ga idon nan. In ka yi kuskure gaban ƙasa biyu fa?" Ya ce, "Ki haɗa kayanki, da ke za a tahi." Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa cewa in raka shi wurin kokawa ba. Na ɗauka don in riƙa dafa masa abinci ne.

Kafin tafiya ya kai sandar maƙera aka ƙara matse zoben. Ya shiga Hubbare ziyara, ya daɗe har na aika a dubo shi. Sannan ya sayo rama ya zauna yana tufkar igiya. Na ce, "Jakin ai da igiyarshi." Ya ce matafiyi ba ya rasa abin ɗaurewa.

Muka fita ta Ƙofar Kware da sanyin safiya, ni a kan jaki, shi da Garba a ƙasa. A bakin gulbi jakin ya kafe. Garba ya ja, mai fito ya tura, jaki ya zauna daɓas cikin laka da ni a kansa. Ni ban ji ciwo ba, amma ƙullin kukata da daddawata suka jiƙe sharkaf. Mai fiton yana dariya yana cewa, "Inna, miya ta riga ta kaɗu, tuwo kaɗai ya rage!" Mai gidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Na daɗe ban ga ya yi irinta ba.

A Kware muka sauka gidan wani tsohon ɗan kokawa da mai gidana ya taɓa ba kaye a kansa tun suna da ƙarfi. Har ranar bai yarda ba. Yana zuba mana fura yana cewa, "Wallahi Maisanda, gwiwata ba ta taɓa ba." Mai gidana ya ce, "To, tashi mu koma hilin mu duba, ƙila sawun na nan." Matar gidan ta ce mini kowace shekara sai ya tayar da zancen, ko da baƙon mai sayar da gishiri ne.

Daga nan sai Gwadabawa. Muka shiga ayarin fatake masu kai goro da baƙin zane arewa, Sakkwatawa ne, sun kuma san mai gidana. Da suka ji abin da zai kai shi Ƙonni, suka ce lalle za su tsaya kallo. Masaukin Gwadabawa ba zan yabe shi ba. Kuɗin cizo suka yi mana rubdugu, da safe kowa yana susa, madugun fataken yana cewa ko harajin Nasara bai kai su naci ba. Ruwa ya fara wuya daga nan. Rijiyoyinsu zurfi gare su, sai an haɗa igiya da igiya. Na ce wa mai gidana ya kawo sabuwar igiyarsa a ƙara. Ya ce a'a, ta Garba ta isa.

Bayan Illela kaɗan aka nuna mini iyaka. Ni na zaci zan ga ganuwa ko kogi. Ashe tulin duwatsu ne da aka shafa wa farar ƙasa, a tsakiyar gonar wani bawan Allah. Geronsa rabi na Ingilishi, rabi na Faransa. Na tambaye shi wa yake biya haraji, ya ce duk wanda ya riga zuwa, sannan na biyun ma ya zo.

Can gaba kaɗan akwai rumfa da gardi, wato dogaran Faransa, masu jar hula. Hausarsu a karye take, ba 'yan ƙasar ba ne. Suka zazzage kayan fatake, suka shinshina daddawata suka mayar mini da sauri. Sai babbansu ya riƙe sandar mai gidana, ya ce makami ce, ba za ta wuce ba. Madugu ya yi ta bayani, bai gane ba. Ƙarshe Garba ya kama wani ɗan fatake suka nuna masa kokawa da hannu. Sai fuskarsa ta washe. Ya tuɓe hula, ya kira wani ɗan'uwansa, wai tun da ga alƙali ya zo, yau za a san wa ya fi ƙarfi tsakaninsu. Nan bakin hanya mai gidana ya raba musu kokawa, fatake suna ta shewa. Babban ya kayar. Murna ta kama shi, ya zaro goro fari ƙal ya miƙa. Mai gidana ya sa hannu a ƙirji ya ce ya gode, ba ya karɓa. Take fuskar mutumin ta ɓaci. Madugu ya yi wuf ya karɓe goron ya ce shi ne mai ajiyar tsoho, aka wuce da mu. A hanya ya ce, "Baba, wanga yanki ba a ƙin kyautar wanda ya kayar."

Ƙonni gari ne babba, Hausa suke yi irin tamu, sai dai sun fi mu jan magana. An sauke mu gidan Sarkin Fili, dattijon da ke shirya kokawar garin. Ni aka kai ni ɗakin matarsa Dije, mace mai faɗi da fara'a, bakinta ba ya hutawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar Sakkwato, an ce ku ko tari za ku yi sai kun nemi izinin malam." Na ce, "Ku kuma an ce da fura ake yi muku wankan jego." Ta kwashe da dariya ta rungume ni, muka zama kamar mun daɗe da sanin juna.

Maganar fura kuwa ban yi ƙarya ba. Safe fura, rana fura, la'asar fura. Tasu ta fi tamu ruwa, sun kuma fi mu sa yaji. Tuwo sai an yi baƙo. Miyarsu gabu ne ya yi mata yawa, wato busasshen ganyen albasa, amma da daɗi. Dije ta ba ni cuku irin na Buzaye, na gwada da sauran haƙorana na kasa, sai da ta daka mini. A kasuwa ba su son kuɗin wuri sosai, kuɗin ƙarfen Faransa suke nema, namu na Ingilishi kuma sai su juya shi su ƙwanƙwasa kamar na jabu. Matansu kuwa, har masu aure, suna fita fili su tsaya gefe guda suna guɗa. Ba wanda ya ga abin magana a ciki.

Ana gobe kokawa, ina taya Dije surfe, sai na ga wani farin rago a ɗaure a gindin turke, ƙato, an wanke shi har an sa masa lalle a goshi. Na ce, "Suna za a yi?" Ta ce, "Wane suna? Na mai gidanki ne, in Tunau ya kayar. Adarawa ma sun zo da nasu, baƙi, shina can masaukinsu." Na tsayar da taɓarya. Na ce ai mu kafin kokawa ake ba da lada, dami da dami. Ta ce, "Mu ba mu san wannan ba. Wa zai biya aikin da ba a yi ba? Wanda ya kayar shi ka jawo rago ya danƙa ma mai rabo gaban kowa. In ya riƙe igiya, ya shaida kaye ya yi kyau. In ya ƙi, ya ce kayen da shakka ke nan. Shekarun baya wani ya ƙi, sai da anka fasa kawuna."

Na bar surfen na fita neman mai gidana. Na same shi a inuwar zaure shi da Garba. Na faɗa musu duk abin da na ji. Garba ya miƙe tsaye ya ce, "Baba, mu tahi wurin Sarkin Hili yanzu, a kawo dami kamar yadda munka saba. In sun ƙi, mu kama hanya." Mai gidana ya ce, "Mutane sun taso tun daga Adar. Mu ce musu su koma?" Garba ya ce, "To, ka gaya musu tun yau ba ka karɓa." Ya ce zai gaya musu. Ya kuwa je ya faɗa. Sarkin Fili ya saurara da ladabi, ya ce ya ji, amma al'adar fili ta fi ƙarfinsa, shi bai isa ya hana Tunau ko Dogo jawo rago ba. Da mai gidana ya dawo na ce, "Yanzu mi za ka yi?" Sai ya tambaye ni ko daddawar nan ta bushe.

Bayan la'asar aka buga ganga. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Ƙonnawa gabas, Adarawa yamma da rawunansu da sandunansu, fataken Sakkwato a gaba-gaba, mu mata a gefe. Can nesa wani Bature a kan kujera, gardi na riƙe masa laima. Wannan ne karo na farko da na ga mai gidana a cikin fili. Shekara da shekaru ina wanke masa riga mai ƙura, ban taɓa ganin yadda ƙurar ke hawa ba. Ya shiga a hankali, ya ɗaga sanda, wurin ya yi tsit. A gida tsoho ne mai neman takalminsa da ƙafa. A fili kuwa wani mutum ne daban.

Aka fara da ƙanana, ya raba su ba gardama. Sannan Tunau ya fito, gajere kakkaura, layu har gwiwar hannu. Dogo ya fito, sunansa ya bi shi. Garba ya goge musu gwiwoyi. Suka kama, suka saki, suka sake kamawa. Mai gidana yana zagaya su a duƙe, kusa ƙwarai, har ina tsoron su faɗo masa. Can Dogo ya ɗaga Tunau sama, mata suka yi salati. Tunau ya maƙale masa ƙafa, Dogo ya yi tangal-tangal, ya yi ƙasa kaɗan ya miƙe da sauri. Ƙura ta tashi. Ƙonnawa suka ce ya taɓa, Adarawa suka ce bai taɓa ba. Ni kaina ban gani ba.

Mai gidana ya sa sanda tsakaninsu. Ya durƙusa ya shafa gwiwar Dogo ta hagu, ya shafa ta dama. Ya miƙe ya je har gaban dattawan Adar ya buɗe musu tafinsa. Rairayi ne jiƙe a yatsunsa. Sannan ya juya ga Dogo ya ce, "Ɗana, kai ka san abin da gwiwarka ta yi." Dogo ya sunkuyar da kai. Mai gidana ya buga sanda a ƙasa. Guɗa ta tashi, Dije ta kusa karya mini wuya don murna. Na ce alhamdu lillahi, idon bai kunyata shi ba.

Sai ga Tunau yana jawo farin rago.

Ya tsaya gaban mai gidana ya miƙa igiya. Mai gidana ya sa hannu a ƙirji ya ce da ƙarfi, "Mu a Sakkwato ba mu karɓa bayan kaye." Wani daga cikin Adarawa ya yi ihu, "Kun ji! Bai yarda da kayen ba!" Suka fara miƙewa da sanduna. Ƙonnawa ma suka miƙe. Gardi suka sauke bindigogi daga kafaɗa. Sarkin Fili ya matso ya ce, "Maisanda, kaye ne ko ba kaye ba ne?" Ya ce, "Kaye ne." Ya ce, "To, riƙe igiya. In ba haka ba, jinin da za a zubar nan ba na rago ba ne."

Garba yana bayansa yana cewa, "Baba, kada ka riƙe. Ga mutanenmu na kallo." Sai mai gidana ya miƙa hannun dama ya riƙe igiyar. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya ce, "Kaye ya yi kyau." Adarawa suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya.

Bai bar wurin ba. Ya juya wajen fataken Sakkwato ya ce, "Ku shaida, na karɓa bayan kaye. Kun san hukuncin." Ya kira Garba, ya miƙa masa sandar da hannun hagu. Garba ya ɓoye hannuwansa a baya yana kuka kamar yaro. Mai gidana ya ce, "Karɓi, hannuna ya gaji. Akwai saura biyu ba su kama ba, mutane na jira." Haka Garba ya shiga fili da hawaye a gemu ya raba kokawar da ta rage. Kafin a fara ya ce shi a kawo masa ko zangarniya ɗaya-ɗaya daga kowane gefe, kuma rago ɗaya ya isa yini guda. Aka yi dariya, aka kawo masa.

Washegari da za mu tashi, yaran Tunau suka zo karɓar igiyarsu. Ashe a can rago ake bayarwa, igiya tana komawa gidan mai ita. Garba ya fara waige-waige yana neman abin ɗauri. Sai mai gidana ya sa hannu a jakarsa ya zaro sabuwar igiyar nan. Har da zarge a bakinta, daidai wuyan rago. Na dube shi, ya kau da kai. A lokacin na tuna ya taɓa gaya mini, tun ina amarya, cewa ya yi kokawa a Ƙonni kafin ya karye.

Dije ta raka mu har bayan gari, ta cika mini ƙwarya da gabu. Ta ce, "'Yar Sakkwato, mun ɓata muku?" Na ce ban sani ba. Har yau haka zan ce.

Komowa ta fi zuwa nisa. A iyaka gardi suka ce rago ba ya fita sai da takarda, sai da babbansu ya gane mai gidana ya ce a bar alƙali ya wuce. Ya tambaya ina sanda, mai gidana ya nuna Garba. Ragon kuwa fitinanne ne. Ya cinye mini gefen zane a Illela, ya tunkuyi jaki a Gwadabawa. Mai gidana bai bar kowa ya ja shi ba. Hannun da ya saba riƙe sanda, shi ya riƙe igiya. Fataken da suka riga mu gaba sun riga sun baza labari, kowa da yadda ya ji shi. A wani ƙauye muna shan ruwa wani ya ce, "Shi ne wanda anka saya da rago?" Garba ya zabura, mai gidana ya riƙe masa riga.

Tun daga Gwadabawa zazzaɓi ya kama mai gidana. Muka ɗora shi a kan jaki, ni na taka. Da muka iso Kware bai iya zama ba, sai muka sauka gidan tsohon ɗan kokawar nan. Mutumin da ya yi shekaru yana gardama, shi ya ɗauke shi a kafaɗa ya shimfiɗa shi a ɗakinsa. Ya tsuguna kusa da kansa ya ce, "Maisanda, gwiwar nan tawa ta taɓa." Mai gidana ya yi murmushi ya ce, "Na sani."

Ragon yana nan a gidana. Na ƙi sayarwa, na ƙi yankawa, ko a sadakar bakwai ban bari an taɓa shi ba. Garba ke kawo masa harawa. Shi ke riƙe da sandar yanzu, kuma damin farko da ya samu a Runjin Sambo, nan ƙofata ya sauke shi. Masu cewa an sayi mai gidana, ga abin da ya faru, ku auna da kanku.

Dakata, Malam Isa, in share fuska. To, rubuta wannan, shi ne na ƙarshe.

Ranar da zai cika, da hantsi, zazzaɓin ya sauka, hankalinsa ya dawo sarai. Garba ya fita nemo magani, daga ni sai shi a ɗaki. Na riƙe hannunsa na ce, "Malam, don Allah gaya mini. Igiyar nan, ka san da ragon tun muna gida?" Ya daɗe yana kallon wajen da muryata take. Na ga bakinsa ya motsa, na matso da kunnena. Abin da ya faɗa na tashi na je na yi, ban daɗe ba, na dawo na tarar ya tafi. Cewa ya yi:

"Kulu, ragon nan bai sha ruwa ba tun sahe. Tashi ki ba shi. Shi bai yi laihin komi ba."